Asibiti da Ɗumamar Yanayi: Misalin Hukumar Lafiya ta Ingila

Gabatarwa

Asibiti wuri ne da ba ya barci. Dare da rana fitilu suna kunne, injuna suna aiki, ana wanke zannuwa, ana dafa abinci, motoci suna shiga suna fita. Duk wannan hidima tana cin wuta da mai da ruwa, sannan tana barin shara da hayaƙi a bayanta. A shekarar 2019 ƙungiyar Health Care Without Harm, tare da kamfanin injiniyoyi na Arup, ta fitar da wani rahoto da ya ƙiyasta cewa harkar kiwon lafiya ce take haddasa kashi 4.4 cikin ɗari na hayaƙin da yake ɗumama duniya. Rahoton ya ce da harkar lafiya ƙasa ce, da ita ce ta biyar a duniya wajen yawan hayaƙi. Fiye da rabin wannan hayaƙi kuwa daga wurare uku yake fitowa, wato Amurka da Sin da ƙasashen Tarayyar Turai.

Abin da ya sa wannan batu yake damun ma'aikatan lafiya shi ne, ɗumamar yanayi kanta tana kawo cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin shekarar 2030 da 2050 sauyin yanayi zai riƙa jawo ƙarin mutuwar mutum kusan 250,000 a kowace shekara, ta hanyar tamowa da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tsananin zafi. Ke nan wurin da ake zuwa neman magani yana da hannu a cikin abin da yake kwantar da mutane.

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan yadda ake tafiyar da asibiti ta hanyar da za ta rage wannan illa. Za mu ɗauki misalin hukumar lafiya ta Ingila, wadda ake kira NHS, domin ita ce hukumar lafiya ta ƙasa ta farko da ta sa wa kanta wa'adi a kan wannan aiki, kuma ta bayyana lissafinta a fili.

Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin mu shiga bayani, ya kamata mu daidaita a kan kalmomi uku da za su yi ta maimaituwa.

Kalma ta farko ita ce hayaƙi. A Hausar yau da kullum, hayaƙi shi ne abin da ake gani yana tashi daga murhu ko salansar mota. A nan kuwa muna faɗaɗa ma'anarta ta haɗa da duk wata iska da take tare zafin rana a sararin sama, ko da ido ba ya ganin ta. Babba a cikinsu ita ce iskar kabon, wadda take fita idan aka ƙona kwal ko fetur ko dizal ko iskar gas. Waɗannan iskoki suna lulluɓe duniya kamar bargo: hasken rana yana shigowa, amma zafin ba ya samun fita duka. Da yake ƙarfinsu ya bambanta, sai masana suka mayar da iskar kabon ta zama ma'auni, suna auna sauran da ita. Saboda haka idan muka ce tan ɗaya na hayaƙi, muna nufin abin da ɗumamarsa ta yi daidai da ta tan ɗaya na iskar kabon.

Kalma ta biyu ita ce ɗorewa, wato biyan buƙatar mutanen yau ba tare da an cinye rabon na gobe ba.

Kalma ta uku ita ce canjaras. Masu sauraron labarin wasanni sun san ta: idan ƙungiyoyi biyu suka tashi babu wadda ta fi wata, an yi canjaras. A nan muna amfani da ita ga matsayin da hayaƙin da asibiti ya saka a sama ya yi daidai da wanda aka janye daga sama, ta hanyar itatuwa ko wata dabara. Sharaɗin shi ne a fara rage hayaƙin iya ƙoƙari, sai ɗan abin da ya gagara ne kaɗai za a nemi hanyar janyewa.

Alkawarin da Hukumar ta Ɗauka

An kafa NHS ranar 5 ga Yuli 1948, domin kowane mazaunin Birtaniya ya sami magani ba tare da ya biya kuɗi a bakin ƙofar asibiti ba. Kowane yanki na Birtaniya yana tafiyar da tasa hukumar. Ta Ingila ita ce mafi girma, tana da ma'aikata fiye da miliyan ɗaya, kuma ana ƙiyasta cewa ita kaɗai take da alhakin kusan kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin Ingila.

A shekarar 2008 majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokar sauyin yanayi, kuma a wannan shekara aka buɗe wani ƙaramin ofishi mai lissafin hayaƙin NHS. Bayan shekara 12, a watan Oktoba 2020, hukumar ta sanar da wa'adi iri biyu. Hayaƙin da yake ƙarƙashin ikonta kai tsaye, kamar na gine-ginenta da motocinta, zai kai matsayin canjaras a shekarar 2040. Wanda kuma ba ta da iko da shi kai tsaye amma tana da ta cewa a kansa, kamar na kamfanonin da take sayen kaya a wurinsu, zai kai a shekarar 2045. A shekarar 2022 aka shigar da wannan nauyi cikin dokar kiwon lafiya ta ƙasar.

Ba a bar alkawarin a hedikwata kawai ba. An umarci kowane rukunin asibitoci ya rubuta nasa tsarin, hukumar gudanarwarsa ta amince da shi, sannan a naɗa mutum ɗaya daga cikin manyan shugabanni wanda za a tuhuma idan aiki bai tafi ba. Dalilin haka a fili yake: aikin da aka ce na kowa ne, yawanci ba mai yin sa.

A wannan shekara ta 2022 aka ga abin da ake gudu. Ranar 19 ga Yuli zafi ya haura digiri 40 a Ingila, karo na farko tun da aka fara ajiye lissafi. A asibitocin Guy's da St Thomas' na birnin Landan, na'urorin sanyaya ɗakunan manyan kwamfutoci suka gaza, kwamfutocin suka tsaya. Likitoci suka koma rubutu a takarda, aka ɗage ganin marasa lafiya da dama, kuma an ɗauki makonni kafin komai ya daidaita.

Daga Ina Hayaƙin Yake Fitowa?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matakin farko na wannan aiki shi ne lissafi, domin abin da ba a auna ba, ba a san ta inda za a rage shi ba. A shekarar 2021 mujallar Lancet Planetary Health ta buga cikakken lissafin NHS ta Ingila. A shekarar 2019 hayaƙinta ya kai tan miliyan 25, kuma an kasa shi kamar haka: kashi 62 cikin ɗari daga kayan da ake saye, kashi 24 daga aikin jinya kansa, kashi 10 daga zirga-zirgar ma'aikata da marasa lafiya da masu dubiya, kashi 4 kuma daga asibitoci masu zaman kansu da hukumar take ba aiki.

Wannan lissafi yana ɗauke da babban darasin wannan maƙala. Mutum zai yi zaton hayaƙin asibiti yana fita ne daga bututun da yake kan rufinsa. Alhali kusan kashi biyu cikin uku ya riga ya tashi tun kafin kayan su iso ƙofar asibiti, a masana'antar da ta haɗa ƙwayar magani, da wadda ta narka roba ta yi sirinji, da jirgin ruwan da ya ɗauko su, da gonar da aka noma abincin marasa lafiya. Saboda haka ma'aikacin da yake sa hannu a takardar sayen kaya, da likitan da yake rubuta magani, suna da tasiri a kan hayaƙi kamar injiniyan da yake kula da wuta, ko ma fiye.

Lissafin ya kuma nuna cewa hayaƙin ya ragu da kashi 26 cikin ɗari daga shekarar 1990 zuwa 2019, duk da cewa yawan marasa lafiyar da ake gani ya ƙaru sosai. Babban dalilin raguwar shi ne ƙasar ta yi ta barin kwal wajen samar da lantarki, har aka rufe tashar kwal ta ƙarshe a Birtaniya a watan Satumba 2024.

Ɗakin Tiyata

Ɗakin tiyata yana cin wuta ninki uku zuwa shida na sauran sassan asibiti, saboda dole a riƙa tace iskarsa ana sauya ta, ana kuma daidaita zafinta. Ban da wuta, akwai iskar da ake shaƙa wa majinyaci domin ya yi barci kafin a yi masa aiki. Jiki ba ya narkar da mafi yawan wannan iska. Majinyaci yana fitar da ita da numfashinsa, bututu ya kai ta waje, ta hau sama. Iskokin sa barci da na kashe zafi suna da kusan kashi 2 cikin ɗari na hayaƙin NHS.

Mafi illa a cikinsu ita ce wadda ake kira desflurane. A tsawon shekara ɗari, ƙarfin ɗumamarta ya ninka na iskar kabon sau 2,500 da ɗoriya. Hukumar ta kwatanta cewa amfani da kwalba ɗaya tata daidai yake da ƙona kilo 440 na kwal. Akwai kuwa wata mai suna sevoflurane da take yin kusan aiki ɗaya, amma illarta ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na waccan ba. Ana kuma iya sa majinyaci barci ta hanyar allura a jijiya. Da likitocin sa barci suka ga wannan lissafi, sai suka fara barin desflurane da kansu tun kafin a hana. A watan Maris 2023 yankin Sukotland ya daina sayen ta, Ingila ta bi sahu a shekarar 2024, sai dai inda likita ya ga larura ta musamman. Tarayyar Turai ma ta kafa doka a shekarar 2024 wadda ta taƙaita amfani da ita daga farkon 2026.

Akwai kuma iskar da aka fi sani da iskar dariya, wadda ake gauraya ta da iskar oksijin a ba mata masu naƙuda domin rage zafi. Tana daɗewa a sama fiye da shekara ɗari. Tsofaffin asibitoci suna ajiye ta a manyan tukwane, bututu ya rarraba ta cikin bango zuwa ɗakuna. Wata mai harhaɗa magunguna a hukumar lafiya ta Lothian da ke Sukotland, Alifia Chakera, ta kwatanta yawan iskar da ake saye da yawan wadda ake ba marasa lafiya, sai ta gano cewa mafi yawanta tana zurarewa ne daga bututun ba tare da ta kai ga kowa ba. Da aka bincika wasu asibitoci, sai aka tarar da irin wannan ɓarna. A shekarar 2024 ƙungiyoyin likitocin sa barci suka ba da shawarar a rufe waɗannan bututu, a koma kai ƙaramar tukunya gefen gadon wanda yake buƙata. Ba a hana kowace mai naƙuda maganin zafi ba. Yoyon kawai aka toshe.

Maganin Shaƙa na Masu Asma

Misali na biyu ɗan ƙaramin abu ne da yake shiga aljihu, wato abin shaƙa na masu ciwon asma. Iri biyu ne. Akwai mai feshi, wanda wata iska da ke cikin gwangwaninsa take tura maganin zuwa huhu. Wannan iska tana da ƙarfin ɗumama fiye da sau dubu na iskar kabon. Akwai kuma mai gari, wanda majinyaci yake zuƙar maganin da ƙarfin numfashinsa, ba ya buƙatar iskar turawa. Abin shaƙa kaɗai yana da kusan kashi 3 cikin ɗari na hayaƙin NHS, wato ya fi iskokin ɗakin tiyata.

Wani bincike ya nuna cewa a shekarar 2017 kashi 70 cikin ɗari na abin shaƙa da aka sayar a Ingila mai feshi ne, amma a ƙasar Suwidin kashi 13 ne kawai. Bambancin ya fi alaƙa da sabon likitoci da farashi, domin ciwon iri ɗaya ne a ƙasashen biyu. Duk da haka ba kowa ne za a sauya wa ba. Ƙananan yara da tsofaffi masu raunin numfashi, da wanda ciwon ya taso masa da ƙarfi, ba sa iya zuƙar mai gari yadda ya kamata. Ƙa'idar ita ce likita ya zauna da majinyaci su zaɓi wanda zai fi yi masa amfani. An kuma lura cewa wanda yake shan maganin rigakafinsa kullum ba ya yawan buƙatar feshin gaggawa, ba ya kuma yawan kwanciya a asibiti. A nan maganar Hausawa ta rigakafi ya fi magani ta yi daidai ta fuska biyu: majinyaci ya huta, hayaƙi ya ragu.

Gini da Wuta da Motoci

A ƙasa mai sanyi kamar Ingila, ɗumama ɗakuna da ruwa shi ne yake cin mafi yawan makamashin gini, kuma da iskar gas ake yin sa a yawancin asibitoci. Gyaran da ake yi ya haɗa da toshe kafofin da zafi yake fita ta bango da taga da rufi, da sauya tsofaffin ƙwayayen fitila da masu cin wuta kaɗan, da rage ƙarfin injin iska a ɗakin tiyata idan ba a aiki a cikinsa, da maye gurbin tukunyar gas da injin da yake jawo ɗumi daga iska ko ƙasa da wutar lantarki. Wasu asibitoci kuma suna samar da wutarsu. Asibitin Castle Hill da ke kusa da birnin Hull ya kafa faifan sola kusan 11,000 a wani fili kusa da shi, suka fara aiki a shekarar 2022, kuma a ranakun bazara suna iya ɗaukar nauyin asibitin da rana.

Ta fuskar sufuri, tsarin da hukumar ta fitar a shekarar 2023 ya tanadi cewa daga 2027 duk sabuwar motar da za ta saya ta zama marar hayaƙi, ban da motocin ɗaukar marasa lafiya, waɗanda aka ba wa'adin 2030. Ana kuma rage tafiyar da ba dole ba ta hanyar ganin likita ta waya ko bidiyo. Wannan ma yana da amfani ga lafiya kai tsaye, domin hayaƙin motoci yana ta da asma da ciwon zuciya. A watan Disamba 2020 wani mai binciken musabbabin mutuwa a Landan ya yanke cewa gurɓatacciyar iska tana cikin abin da ya kashe wata yarinya 'yar shekara 9 mai fama da asma, wadda gidansu yake kusa da wani babban titi.

Sayayya da Shara

Tun da kayan saye ne suka fi yawan hayaƙi, hukumar ta juya ga 'yan kwangila. Daga watan Afrilu 2022, idan ana tantance masu neman kwangila, aƙalla kashi 10 cikin ɗari na maki yana tafiya ne ga rage hayaƙi da amfanin al'umma. Daga Afrilu 2023, duk kamfanin da yake neman kwangilar da ta haura fam miliyan 5 a shekara sai ya wallafa tsarinsa na rage hayaƙi. Mai sayen kaya da yawa yana da bakin magana a kasuwa, kuma da wannan ƙarfi hukumar take amfani.

Hanya mafi sauƙi kuwa ita ce rage abin da ake amfani da shi ba gaira ba dalili. A shekarar 2018 asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan ya fara wayar da kan ma'aikatansa a kan safar hannu ta roba. An lura cewa ana sa ta ko a aikin da wanke hannu ya wadatar, kuma mai safa yakan manta da wanke hannu, ya taɓa wannan ya taɓa wancan. Cikin kusan shekara ɗaya asibitin ya rage tan 21 na roba, ya yi tsimin kuɗi, ciwon fatar hannu kuma ya ragu a tsakanin ma'aikata.

Game da shara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 85 cikin ɗari na sharar asibiti ba ta da wani haɗari, irin ta gida ce, kamar kwali da takarda da ragowar abinci. Kashi 15 ne kawai mai haɗari, kamar allurai da auduga mai jini da ragowar magunguna. Idan aka cakuɗa su, dole a ɗauke su duka a matsayin mai haɗari, a ƙona su da wuta mai tsananin zafi, wanda yake cin kuɗi da makamashi. Shi ya sa asibitocin Ingila suke raba shara da launin leda: ruwan ɗorawa ga wadda za a ƙona, ruwan goro ga wadda za a kashe ƙwayoyin cutarta, mai ratsin baƙi da ɗorawa ga mai ƙazanta amma marar cuta. Sa kwandon da ya dace a wurin da ya dace yana cikin gyare-gyare mafi arha da asibiti zai yi.

Darasi Daga Indiya

Domin a san iyakar abin da za a iya ragewa, masana sun kwatanta aiki iri ɗaya a ƙasashe biyu. Asibitocin ido na Aravind, waɗanda Dakta Govindappa Venkataswamy ya kafa a birnin Madurai na kudancin Indiya a shekarar 1976, sun shahara da aikin cire yanar ido. Binciken da aka buga a shekarar 2017 ya nuna cewa aikin ido ɗaya a can yana fitar da kusan kilo 6 na hayaƙi da giram 250 na shara. Wannan kusan kashi 5 ne cikin ɗari na hayaƙin irin wannan aiki a Birtaniya, kuma sakamakon aikin bai gaza na can ba.

Sirrin yana cikin tsari. A Aravind ana wanke kayan aiki da riguna, a kashe ƙwayoyin cutarsu da tururi, a sake amfani da su. Likita yana aiki tsakanin gadaje biyu, yana gama wannan an riga an shirya masa wancan, saboda haka ɗaki da injuna ba sa zaman banza. A ƙasashe masu arziki kuwa an saba da kayan da ake amfani da su sau ɗaya a jefar. A watan Mayu 2022 likitoci a asibitin Solihull da ke kusa da Birmingham suka gwada haɗa irin waɗannan dabaru a aikin cire sankarar hanji: riguna da mayafai masu wankuwa, maganin barci ta jijiya, raba shara da kyau. Sun rage kusan kashi 80 cikin ɗari na hayaƙin aikin, suka nemi cike gurbin sauran da dashen itatuwa.

Matsalolin da Suka Rage

Aikin yana da wahalhalu da bai kamata a ɓoye su ba. Na farko kuɗi ne. Sauya fitila da toshe yoyo suna mayar da kuɗinsu da wuri, amma cire tukunyar gas daga tsohon asibiti yana buƙatar jari mai yawa, kuma shugaban asibitin da marasa lafiya suke jiran tiyata wata da watanni zai yi tunani sau biyu kafin ya kashe kuɗi a kan bututu.

Na biyu, hukumar ba ta da iko da masana'antun ƙasashen waje da suke yi mata magani da kayan aiki. Tana iya gindaya sharaɗi, amma maganin da kamfani ɗaya ne kawai yake yin sa, dole a saya.

Na uku shi ne batun janye hayaƙi. Itacen da aka dasa yau sai ya yi shekaru kafin ya zuƙe kabon mai yawa, kuma yana iya bushewa ko gobara ta cinye shi. Shi ya sa ake kallon duk wata ma'aikata da ta ce ta kai canjaras da tambaya ɗaya: nawa ta rage da kanta, nawa kuma ta biya wasu su janye mata?

Inda Matsalar Take da Wata Fuska

Nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya. Damuwar asibitocinta ita ce rashin wuta. Wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da wasu hukumomi a shekarar 2023 ya ce kusan mutum biliyan ɗaya ne suke dogara da wuraren jinya marasa wuta ko masu wutar da ba ta tsayawa, kuma a Afirka kudu da Sahara kusan kashi 15 cikin ɗari na wuraren jinya ba su da lantarki sam. A irin wannan wuri buƙatar ita ce a ƙara wuta, amma ana iya zaɓen irin wadda za a ƙara.

A shekarar 2008 wata likitar mata daga Amurka, Laura Stachel, ta zo bincike a asibitin Ƙofar Gayan da ke Zariya, ta ga yadda ɗaukewar wuta take tilasta wa ungozomomi karɓar haihuwa da fitilar kananzir. Ita da mijinta Hal Aronson suka tsara wa asibitin wutar sola. Daga nan aka ƙirƙiro wata 'yar akwati mai ɗauke da batir da fitilu da faifan sola, wadda ƙungiyarsu ta We Care Solar ta rarraba wa dubban ɗakunan haihuwa a ƙasashe da dama. A garin Léo na Burkina Faso kuma, asibitin tiyata da mai zanen gine-gine Francis Kéré ya tsara, wanda aka buɗe a shekarar 2014, an gina shi da tubalin ƙasa mai riƙe sanyi, aka ɗaga rufin kwano sama domin iska ta ratsa. Magina na ƙasar Hausa sun daɗe da sanin cewa soron ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin kwano sanyi da bazara. Asibitin da ya dogara da rana da irin wannan gini yana rage kuɗin man janareta, kuma firjin rigakafinsa ba ya mutuwa idan an ɗauke wuta.

Kammalawa

Mun ga cewa tafiyar da asibiti ba tare da ɗumama yanayi ba yana farawa ne da lissafi, kuma lissafin Ingila ya nuna cewa mafi yawan hayaƙin yana ɓoye a cikin kayan da ake saye da magungunan da ake rubutawa. Gyare-gyaren da suka fi saurin yin nasara, kamar barin desflurane da toshe bututun iskar dariya da rage safar hannu, duk sun yi tarayya a abu ɗaya: sun kawar da ɓarna ba tare da sun rage wa majinyaci komai ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sauran aikin, wato na tsofaffin gine-gine da na masana'antu, ya fi tsada kuma ya fi jinkiri, kuma shi ne zai nuna ko hukumar za ta cika wa'adinta na 2040 da 2045.